Tambayoyi da Amsoshi Kan Farashin Ruwan Kogi da Rabonsa a Lokacin Ƙaranci

Muddin kogi yana cike, babu mai damuwa da yadda ake raba ruwansa. Rigima takan taso ne ranar da masu ɗiba suka fi ƙarfin abin da kogin yake kawowa, ta yadda duk abin da wani ya ɗiba sai ya ragu daga rabon wani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan aka zo maganar sanya wa irin wannan ruwa farashi da kuma tsara rabonsa.

Me masana tattalin arziki suke nufi da cewa an raba ruwa bisa inganci?

Suna nufin an kai matsayin da ba za a iya ɗauke wani kaso na ruwan daga wani aiki a kai shi wani aikin ba, har amfanin da jama'a suke samu gaba ɗaya ya ƙaru. Abin dubawa shi ne darajar kason ƙarshe da kowane mai amfani ya ɗiba. Ruwan farko da mutum zai sha don kashe ƙishirwa ba shi da farashi, domin rai ne. Ruwan da zai zuba wa gonar da ta riga ta ƙoshi kuwa kusan ba shi da wata daraja, har yana iya ruɓar da saiwa ko ya tayar da gishiri a ƙasa. Tun a shekarar 1776 Adam Smith ya yi mamakin yadda ruwa, duk da cewa babu abin da ya kai shi amfani, yake da araha, alhali lu'ulu'u da ba a ci ba a sha yake da tsada. Amsar da masana suka bayar daga baya ita ce farashi yana bin darajar kason ƙarshe ne, kuma inda ruwa ya wadata wannan kason ba ya da wata daraja. Da zarar ƙaranci ya shigo, lissafin ya sauya.

A ɗauki manoma biyu a kan magudana guda a shekarar fari. Na farko yana da itatuwan marmari da ya yi shekara bakwai yana renonsu, idan suka rasa ruwa na wata biyu sun mutu, wahalarsa ta tashi a banza. Na biyu yana shuka ciyawar dabbobi wadda idan bai shuka bana ba zai iya shukawa baɗi. In aka rage wa kowannensu rabin ruwansa, za a ce an yi raba-daidai, amma asarar da aka jawo ta fi ta dole. Da za a bar na biyu ya haƙura da shukar bana, na farko ya biya shi diyyar da ta fi abin da ciyawar za ta kawo masa, da dukkansu sun fi samun sauƙi. Wannan shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya.

Ruwan kogi baiwa ce daga Allah. Da wane dalili za a sa masa kuɗi?

Wannan ƙorafi yana da tushe mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, wato ruwa da ciyawa da wuta, kuma malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin ruwan da yake gudana a babban kogi, wanda ba mallakar kowa ba ne, da ruwan da mutum ya yi wahala ya ɗebo ya adana a mazubinsa, wanda ya halatta ya sayar. Dokokin yawancin ƙasashe a yau ma suna ɗaukar kogi a matsayin dukiyar jama'a da hukuma take riƙe da amanarta. Saboda haka abin da ake sa wa kuɗi galibi abu biyu ne: hidimar tare ruwan da kai shi inda ake bukata, da kuma izinin ɗibar wani adadi daga abin da ya yi ƙaranci.

Taron duniya kan ruwa da aka yi a birnin Dublin a 1992 ya fitar da ƙa'idoji huɗu, ta huɗun tana cewa ruwa yana da darajar tattalin arziki a duk ayyukan da suke gogayya a kansa. Abin da masu kafa hujja da ita sukan manta shi ne, ita wannan ƙa'idar ta kuma tabbatar da haƙƙin kowane ɗan Adam na samun tsaftataccen ruwa a farashin da zai iya biya. A watan Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ruwan sha da tsaftar muhalli a matsayin haƙƙin ɗan Adam. Ruwan sha da girki da wanka kaso ne ƙarami ƙwarai na abin da ake ɗiba, domin noma shi kaɗai yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗi da ake ɗiba a duniya. Ana iya keɓe ruwan rayuwa gefe guda, a yi lissafin riba da asara a kan sauran.

Me da me ya kamata farashin ruwa ya ƙunsa?

Akwai kuɗin gudanarwa da gyara, kamar yashe magudanai, man injin famfo da albashin masu buɗe ƙofofin ruwa. Akwai kuɗin gina madatsa da manyan hanyoyin ruwa, wanda ake rarraba shi a kan shekaru masu yawa. Bayan waɗannan akwai abu biyu da ba sa fitowa a littafin akanta: amfanin da aka rasa saboda ruwan bai je wa wani mai bukata ba, da kuma ɓarnar da ɗibar ta jawo wa kogin da masu rayuwa a ƙasansa. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta nemi ƙasashe su yi la'akari da dukkan waɗannan wajen sanya kuɗin ruwa. A aikace, tsare-tsaren ban-ruwa da yawa na gwamnati ko kuɗin gyara ba sa mayarwa, balle na gini.

Ashe barin ruwa da araha ba taimakon talaka ba ne?

A ganina wannan ita ce fahimtar da ta fi kowace cutar da talakan da ake cewa ana karewa. Idan ruwan noma ya zama kyauta ko kusa da kyauta, rabon ba ya tsayawa, sai dai ya koma bin wata hanya: kusanci da bakin magudana, girman injin famfo, ko sanayya da mai riƙe da makullin ƙofar ruwa. Wanda gonarsa take a kan gaba yakan cika ta har ta yi ambaliya, domin ba ya asarar komai, ya kuma zaɓi shukar da ta fi kowace shan ruwa. Wanda yake can wutsiyar magudana yakan kwana a gona yana jiran ruwan da ba zai iso ba, kuma sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, tunda filayen wutsiya su ne masu araha. Bugu da ƙari, tallafin da aka ɓoye a cikin farashi yana tafiya ne daidai da yawan ɗiba, wanda ya fi kowa faɗin gona shi ya fi kowa kwasar tallafin. Idan kuma hukumar ruwa ba ta samun kuɗin shiga, magudanai sukan cike da laka da ciyawa, hidima ta lalace, manoma su ƙi biyan ɗan abin da ake nema saboda ba su ga amfaninsa ba, lalacewar ta ci gaba da ciyar da kanta.

A birane akan yi amfani da farashi mai hawa-hawa, inda matakin farko yake da araha, farashin ya riƙa tashi gwargwadon ƙaruwar amfani. Afirka ta Kudu ta ɓullo da tsarin ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata tun daga 2001. Tsarin yana da kyau, amma yana da rauni guda da ya kamata a sani: idan iyalai da yawa suna rayuwa a gida ɗaya da mita ɗaya, sukan tsallake matakin araha da wuri, su biya farashin masu hali. Haka nan wanda bututu bai kai unguwarsa ba, babu abin da ya samu daga arahar, ruwan da yake saya a hannun 'yan garuwa ko motocin tanka yakan ninka na famfo tsada.

In aka ƙara farashi, manoma za su rage ɗiba?

Ba nan take ba, kuma ba kullum ba. Inda kuɗin ruwa ƙaramin kaso ne na abin da manomi yake kashewa, ko an ninka shi ba zai sauya shukarsa ba. Farashin da zai kai ga rage ɗiba sosai yakan zama ya ninka kuɗin gyara sau da yawa, kuma gwamnatoci kaɗan ne za su iya ɗora wa manoma irin wannan nauyi. Sannan idan ana karɓar kuɗin ne bisa faɗin gona, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, to ya zama haraji kawai, domin wanda ya yi tsimi da wanda ya yi almubazzaranci kuɗi ɗaya za su biya. Shi ya sa a wuraren da aka yi nasarar taƙaita ɗiba, ƙayyade kaso ne yake yin babban aikin, farashi kuma ya riƙe hidimar. Isra'ila, wadda dokarta ta 1959 ta mayar da dukkan ruwa dukiyar jama'a, ta haɗa kaso da mita da farashi wuri guda.

Ƙarin farashi na gaggawa kuma yana iya tayar da tarzoma. A shekarar 2000 mutanen birnin Cochabamba na ƙasar Bolibiya sun fito zanga-zanga bayan an miƙa ruwan birnin ga kamfani mai zaman kansa kuma kuɗin ruwa ya tashi, har sai da aka soke kwangilar.

Waɗanne hanyoyi ake bi wajen rabo idan ba farashi ba?

A wasu ƙasashe haƙƙin ɗiba yana manne da filin da yake bakin kogi. A yammacin Amurka dokar ita ce wanda ya riga fara amfani shi ne gaba, ta yadda a shekarar fari mai tsohon haƙƙi yakan sami cikakken rabonsa kafin mai sabon haƙƙi ya sami ko ɗigo. Wannan doka tana ba da tabbas, amma ta daɗe tana tafe da sharaɗin cewa wanda bai yi amfani da ruwansa ba zai iya rasa haƙƙinsa, abin da yake hana mutane tsimi. A Pakistan da arewacin Indiya akwai tsarin karɓa-karɓa da ake kira warabandi, inda kowane manomi yake da sa'o'insa a mako gwargwadon faɗin gonarsa. Tsarin yana da sauƙin fahimta kuma yana da wuyar murɗawa, sai dai yana raba lokaci ne, ruwan da yake isa wutsiya a sa'a guda kuwa bai kai wanda yake fita a kan gaba ba, saboda abin da ƙasa take tsotsewa a hanya.

Yaya kasuwar ruwa take aiki, kuma a ina ta yi nasara?

Misalin da aka fi nazari shi ne kwarin kogunan Murray da Darling a Ostireliya. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatocin yankin suka sa iyaka ga jimillar abin da za a riƙa ɗiba, sannan sannu a hankali aka raba haƙƙin ruwa da mallakar fili, ta yadda mutum zai iya sayar da ɗaya ya riƙe ɗaya. Abin sayarwa iri biyu ne. Akwai haƙƙi na dindindin, wanda kaso ne na duk abin da kogin ya samar. Akwai kuma rabon shekara, wato ainihin ruwan da hukuma ta sanar cewa kason ya samu bana bisa abin da yake cikin madatsu. Hikimar wannan tsari ita ce hukuma ba ta yi wa kowa alkawarin ruwan da babu shi ba.

An ga amfanin tsarin a babban farin da ya addabi yankin daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2009. Farashin rabon shekara ya yi tashin gwauron zabo, masu noman shinkafa da yawa suka ga sayar da ruwansu ya fi musu shuka riba, har noman shinkafa ya kusa tsayawa a kakar 2007 zuwa 2008, ruwan kuma ya tafi ga masu gonakin inabi da lemo da sauran itatuwan da ba sa jure rashin ruwa. Ruwan noma ya ragu ƙwarai, amma darajar abin da aka noma ba ta faɗi daidai da haka ba. Da damina ta dawo, masu shinkafa suka koma gonakinsu. Labarin manoma biyun nan da aka kawo a farko ke nan, a faɗin ƙasa guda.

Ya kamata a lura da abin da ya gabaci cinikin: iyaka ga ɗiba, rajistar haƙƙoƙi da kowa zai iya dubawa, mita a bakin famfo, da madatsu da magudanai da za su iya kai ruwan daga mai sayarwa zuwa mai saye. Inda waɗannan ba su samu ba, takarda kawai ake sayarwa.

A ina kuma cinikin ruwa ya haifar da matsala?

Dokar ruwa ta ƙasar Chile ta 1981 ta ba da haƙƙoƙi kyauta, na har abada, ba tare da tilasta wa mai shi ya yi amfani da su ba. A wasu kwaruruka, kamar na Limarí, ciniki ya yi aiki sosai tsakanin manoma. A wasu wuraren kuwa manyan kamfanoni suka tara haƙƙoƙi suka ajiye, ƙananan manoma da ba su yi rajistar nasu ba suka tashi a tutar babu. A 2005 aka sa kuɗin tara ga wanda ya riƙe haƙƙi bai yi amfani da shi ba, a 2022 kuma aka sake gyara dokar aka fifita ruwan sha, aka mayar da sabbin haƙƙoƙi masu wa'adi.

Matsala ta biyu ita ce ta mutanen da ba sa cikin cinikin amma abin ya shafe su. Birnin Los Angeles na Amurka ya sayi filaye da haƙƙoƙin ruwa a kwarin Owens, ya buɗe doguwar hanyar ruwa a 1913, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 tafkin Owens ya ƙafe, ya zama filin ƙura. Wanda ya sayar ya karɓi kuɗinsa ya tafi, amma ɗan ƙwadagon gona da mai sayar da taki da makarantar garin babu wanda ya biya su. Duk lissafin inganci da bai sa waɗannan a ciki ba, lissafi ne da bai cika ba.

Wa zai saya wa kogin kansa ruwa?

Kifi da dausayi da ƙasar da take sabunta ruwan rijiyoyi ba su da kuɗin shiga kasuwa, masunta da makiyaya kuma da wuya su iya gogayya da babban mai gona. Tekun Aral na tsakiyar Asiya, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya, ya ƙafe mafi yawansa bayan Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa noman auduga daga shekarun 1960, sana'ar kamun kifi ta mutu, jiragen ruwa suka rage a kan yashi. A ƙasar Sin, Rawayen Kogi ya yi kwana 226 bai kai teku ba a 1997, abin da ya sa aka ɗora rabon ruwansa a hannun hukuma guda daga 1999.

Saboda haka dole a cire rabon kogi kafin a fara rabon mutane. Dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998 ta keɓe wani kaso domin bukatun rayuwar ɗan Adam da lafiyar kogi, ta sa shi gaba da kowane lasisi. Ostireliya, da ta riga ta raba fiye da kima, sai da ta kashe kuɗi mai yawa tana sayen haƙƙoƙi daga manoma domin mayar wa koguna, ƙarƙashin dokar 2007 da shirin kwarin Murray da Darling na 2012. Duk da haka, kifaye masu ɗimbin yawa sun mutu a kogin Darling kusa da garin Menindee a ƙarshen 2018 da farkon 2019.

Ban-ruwa na ɗiga-ɗiga ba zai magance ƙarancin ba?

Yana ƙara amfanin gona, amma sau da yawa ba ya ƙara ruwan kogi. Idan aka malala ruwa a gona, wani kaso shuka take sha, wani ya tashi sama, wani kuma ya nitse ƙasa ko ya gangara ya koma kogi, inda na ƙasa zai sake ɗiba. Wannan kason na ƙarshe ana kiransa asara a lissafin gona guda, alhali shi ne abincin gonar da take gaba. Idan manomi ya sa bututun ɗiga kuma aka bar masa tsohon kasonsa cif, zai faɗaɗa gona ko ya koma shukar da ta fi shan ruwa, abin da yake komawa kogi ya ragu. Maganin shi ne a riƙa lissafa abin da aka cinye bayan an cire abin da ya koma, kuma duk tallafin sayen kayan ɗiga ya zo tare da rage kaso.

Manoma ba za su iya tsara rabon da kansu ba?

Suna iyawa, kuma sun daɗe suna yi. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa ƙungiyoyin masu ban-ruwa sukan riƙe tsari na ɗaruruwan shekaru idan iyakokin ƙungiya a bayyane suke, masu sa ido daga cikinsu suke, hukunci kuma yana hawa daga ƙarami zuwa babba. A birnin Balansiya na ƙasar Sifen, duk ranar Alhamis da tsakar rana wakilai takwas na magudanan kogin Turia sukan zauna a da'ira a ƙofar babbar majami'ar birnin, sanye da baƙaƙen riguna irin na manoma. Mai kira ya ambaci sunan kowace magudana, wanda ake zargi da satar ruwa ko ɗiba ba a lokacinsa ba ya fito ya kare kansa da baki, a yanke hukunci nan take. Irin wannan tsari yana da ƙarfi a magudana guda inda kowa ya san kowa. Kogi mai tsawon dubban kilomita kuwa yana bukatar hukumar da za ta tsaya tsakanin ƙungiyoyin.

Idan kogi ya ratsa jihohi ko ƙasashe fa?

A nan lissafin inganci yakan ci karo da siyasa, kuma yarjejeniyoyin da suka rubuta adadi tsayayye su ne suka fi shiga matsala. Yarjejeniyar kogin Kolorado ta 1922 tsakanin jihohi bakwai na Amurka ta raba kimanin kubik mita biliyan 18.5 a shekara, daga baya aka ƙara wa Meziko rabonta a 1944, amma an yi lissafin ne bisa shekarun da ruwa ya yi yawa fiye da yadda ya saba, kogin kuma ya kasa cika alkawarin da aka yi da sunansa. Yarjejeniyar Nilu ta 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5, ba tare da Habasha ba, alhali daga tsaunukanta mafi yawan ruwan yake fitowa.

Inda aka fi samun ci gaba shi ne inda aka koma raba amfanin ruwan. Bisa yarjejeniyar 1986, Afirka ta Kudu tana biyan Lesotho kuɗi a kan ruwan da ake turo mata daga tsaunukan ƙasar. Ƙasashen Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, suka gina madatsun Diama da Manantali a matsayin mallakar haɗin gwiwa, suka raba kuɗin ginin gwargwadon abin da kowace ƙasa za ta samu na noma da wutar lantarki da sufurin jiragen ruwa. Gini, inda kogin ya samo asali, ta shiga hukumar a 2006.